Kun Tambaya: Tsohon Cocin High Street da Mutanen da Ke Cikinsa

Assalamu alaikum jama'ar Zango da sauran masu karatu. Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan karon, uku daga nan Ankara (Accra, babban birnin Ghana), ɗaya daga Kumasi, kuma duk a kan cocin Angalikan suke. Na ɗan gajarta su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Baba Malam, ni ɗalibi ne mai koyon zanen gine-gine, a Nima nake zaune. Duk ranar da na sauka daga tirotiro, wato motar haya, a Tema Station na taka zuwa High Street, sai na wuce wani tsohon coci na jan bulo kusa da tsohuwar hedikwatar Bankin Ghana. Abokina ya ce wanda ya gina fadar sarakunan Ingila shi ya gina shi. Gaskiya ne? Kuma me ya sa bai yi kama da coci-cocin da ake ginawa yanzu ba?

Amsa: Ɗana, abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗan ƙara gishiri. Ginin da kake wucewa sunansa Holy Trinity, shi ne babbar majami'ar ɗarikar Angalikan a Ankara. An kammala shi a 1894, kuma wani Bature ɗan Landan mai suna Aston Webb ne ya zana shi. Fadar Buckingham kuwa ta girme wa Webb nesa ba kusa ba. Abin da ya yi mata shi ne sabunta fuskarta ta gabas a 1913, wato ɓangaren nan mai baranda inda 'yan gidan sarauta ke fitowa su ɗaga wa jama'a hannu. Shi ne kuma ya zana babban ginin gidan tarihi na Victoria da Albert wanda aka buɗe a 1909. Dubi shekarun da kyau, za ka ga namu na Ankara ya riga su duka. Lokacin da ya zana shi, sunansa bai gama tashi ba tukuna. Kuma kai da kake cikin sana'ar ka fi ni sani, mai zane daban, magini daban. Waɗanda suka kwaɓa ƙasa suka ɗora bulo a ranar bakin teku su ma suna da rabonsu a ginin nan.

Dalilin gina shi a wannan lokaci yana tattare da ƙaurar gwamnati. A 1877 Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast suka kawo Ankara. Gwamna ya zo, alƙalai da akawuna da hafsoshi da manajojin kamfanoni suka biyo shi, kuma akasarinsu 'yan cocin Ingila ne da ba su da wurin sujada na kirki. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ba da kuɗin ginin, kuma Turawan nan su ne suka fara cika bencinansa. Wannan shi ya bambanta shi da sauran. 'Yan mishan na Basel tun 1828 suka sauka a Osu, 'yan Metodis kuma a 1835 a Cape Coast. Su cikin gari da ƙauyuka suka shiga, suka koyi Ga da Twi da Fante, suka buɗe makarantu. Angalikan kuwa sun daɗe a matsayin cocin ma'aikatan gwamnati. Shi ya sa har gobe 'yan Firesbiteriyan, magadan 'yan Basel, da 'yan Metodis suka fi su yawa a ƙasar nan, duk da cewa su ne ɗarikar masu mulki a da.

A 1909 aka ba Ankara nata bishop, Nathaniel Temple Hamlyn, sai ginin ya zama babbar majami'a. Ba girmansa ya ba shi wannan matsayi ba. Kujerar bishop da aka kafa a ciki ita ce dalili, duk cocin da take nan shi ne uwa ga sauran na yankin. Hamlyn ɗin nan shi ya buɗe wata makaranta a Cape Coast a 1910, wadda yau muke kira Adisadel.

Abin da nake so ka riƙe, kai ɗan Zango, shi ne kakanninmu suna garin nan lokacin da ake wannan aiki. Sojojin Hausa da Kyaftin Glover ya kwaso daga Legas don yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, da yawansu nan suka zauna. Malam Na'inno ya riga ya kafa zangonsa a inda ake kira Zongo Lane yanzu, kuma daga can zuwa ƙofar cocin tafiyar ƙafa ce kaɗan. Fataken goro suna bin wannan titi zuwa bakin ruwa don su loda kaya a jirgi zuwa Legas. Sai daga baya, a farkon ƙarni na 20, ɗansa Malam Baƙo ya fita da jama'a ya kafa Sabon Zango inda aka haife ni. Saboda haka idan ka tsaya gaban ginin, kada ka dube shi da idon baƙo. Tarihin garinku kake kallo.

Game da siffarsa, ka samu lokaci ka zagaya shi a hankali da takarda da fensir. Dubi kaurin bangon, da yadda ƙofofi da tagogi suka tanƙwaro daga sama kamar baka, da hasumiyar nan mai kusurwa huɗu wadda ta zauna daram, ba ta yi tsini ta nufi sama ba. Tsarin ciki tsohon tsarin Turai ne: dogon zaure, hanya a tsakiya, bencinan katako dama da hagu, mumbari a gefe, can ƙurya kuma bagade, wato teburin da limaminsu yake jagorantar ibada a gabansa. An yi shi ne don idon kowa ya tafi ga bagaden. Coci-cocin zamani da kake gani a Spintex da Dansoman an gina su ne don taro mai yawa da lasifika da dandamali, shi ya sa suka fi kama da zauren taro. Manufa ce ta bambanta, gini kuma manufa yake bi.

Na taɓa zama a ciki wajen jana'izar mahaifiyar wani abokin aikina, lokacin ina koyarwa. Abin da ya fara taɓa ni sanyin wurin ne. A waje rana na dukan kai, motoci na ta hon, amma da ka tsallaka ƙofa sai iska ta sauya. Bango mai kauri ba ya barin zafi ya ratso da wuri, rufi mai tsawo kuma yana ba zafin wurin hawa. Wannan darasi ne a gare ku masu tasowa, ku da kuke zana mana gidajen gilashi waɗanda in wuta ta ɗauke ba a iya minti goma a ciki. Ginin nan ya ga girgizar ƙasa ta 1939 wadda ta rushe gidaje da dama a Ankara, ya sha iskar gishiri fiye da shekara 130, iskar da ke cinye ƙarfen taga cikin 'yan shekaru, kuma ga shi nan tsaye.

Duk da haka ina da ƙorafi ɗaya. Ginin Ingila ne aka ɗauko sukutum aka ajiye a bakin tekun Ga, babu abin da ya aro daga ginin mutanen ƙasa. In Allah ya kai ka Zariya, ka je Wusasa ka ga cocin St. Bartholomew, shi ma na Angalikan, wanda aka gina wajen 1929 da ƙasa, a tsarin maginan Hausa, da bakan gizo da komai. Ni a wurina wancan ya fi nuna basira, domin ya tambayi ƙasar da yake kanta. Ba su kaɗai wannan magana ta shafa ba. Babban Masallacinmu na Kanda da aka buɗe a 2021 kyakkyawa ne ƙwarai, ina alfahari da shi, amma tsarin Turkiyya ne daga ƙubba har hasumiya. Ina fata a cikinku a samu wanda zai zana mana wurin ibada da za a kalla a ce wannan na nan ne.

Tambaya: Malam, ni 'yar kasuwa ce a Makola, atamfa nake sayarwa. Maƙwabciyar rumfata Inyamura ce daga Najeriya, kuma wannan coci take zuwa. Ta ce mini a can akwai mutanen Saliyo da Laberiya har da Turawa. To shi cocin baƙi ne, ko na 'yan ƙasa?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba da kasuwa. A yau dai na 'yan ƙasa ne. Bishop ɗan Ghana ne, fada-fadan, wato limaman cocin, 'yan Ghana ne, mafi yawan masu zama a bencin kuma tsofaffin gidajen Ankara ne da zuriyarsu. Amma maƙwabciyarki ta faɗi gaskiya, baƙo yana samun wurin zama a can cikin sauƙi, kuma akwai dalili.

Ɗarikar ta samo asali ne a Ingila, lokacin da Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Paparoma a 1534. Duk inda mulkin Ingila ya je, ita ma ta je, ɗauke da littafin addu'o'i guda wanda ya tsara abin da za a faɗa da lokacin da za a tashi ko a durƙusa. Kowace ƙasa ta ɗan gyara nata daga baya, amma ƙashin bayan ɗaya ne. Kin san yadda Bakano zai sauka a Nima da asuba, bai san kowa ba, ya shiga sahu ya bi liman ba tare da an koya masa komai ba. To haka ɗan Angalikan daga Onitsha ko Freetown yake ji idan ya shiga Holy Trinity. Ga kuma Turanci da ake amfani da shi a babbar sujada, wanda ya haɗa su duka.

Akwai kuma zumunci na tsari. A 1951 aka haɗa Angalikan na Afirka ta Yamma a lardi guda. Najeriya ta fita ta tsaya da ƙafarta a 1979 saboda yawanta, Laberiya kuma ta shigo a 1982. Har yau Ghana da Saliyo da Gambiya da Gini da Laberiya da Kamaru suna ƙarƙashin inuwa ɗaya. Da yaƙi ya tarwatsa Laberiya aka buɗe sansanin Buduburam a 1990, waɗanda suke 'yan wannan ɗarika a cikin 'yan gudun hijirar ba baƙin coci suka tarar a nan ba, nasu suka tarar.

Wani abu da zai yiwu maƙwabciyarki ta lura da shi: Angalikan na Ghana sun fi na Najeriya kama da Katolika. A nan ana kiran limaminsu Fada, ana sa riguna masu ado, ana kaɗa turare. A jana'izar da na ambata na ga wani yaro cikin farar riga yana lilo da kaskon turare mai sarƙa, hayaƙi na tashi, mawaƙa na tafe a jere a bayan gicciye, mata kuma sun yi anko da baƙi da fari saboda marigayiyar ta tsufa. Bambancin ya zo ne daga ƙungiyoyin da suka kawo ɗarikar. Najeriya ƙungiyar 'yan mishan ta CMS ce ta shige ta, masu son sauƙaƙa ibada da ba wa'azi ƙarfi. Nan kuwa ƙungiyar 'yan mishan ta SPG ce, masu riƙo da tsofaffin al'adun coci.

Yadda abin ya koma hannun baƙar fata labari ne mai tsawo, kuma akwai ɗaci a cikinsa. Mishan na farko da SPG ta aiko, Thomas Thompson, ya iso Cape Coast a 1752. Ya tura yara uku karatu Ingila, ɗaya ne kaɗai ya kai ga gaci, Philip Quaque. A 1765 aka naɗa shi fada, shi ne ɗan Afirka na farko da cocin Ingila ya naɗa. Ya dawo a 1766, ya yi shekara 50 yana aiki a ganuwar Cape Coast, wato tsohon sansanin Turawa na bakin teku, har ya rasu a 1816, kabarinsa na nan a tsakar gidan. Ki yi tunanin halin da mutumin nan ya zauna a ciki. Ɗakin sujadar yana sama, a ƙarƙashinsa kuma kurkukun da ake tara bayi maza kafin a loda su a jirgi. Ita kanta SPG tana da gonakin rake a tsibirin Barbados da bayi ke nomawa, abin da cocin Ingila ya nemi gafara a kansa a 2006. Duk wanda ya tsaya a bakin ramin nan ya ɗaga kai ya ga inda ake addu'a, jikinsa zai yi sanyi. Ban kawo wannan don in nuna wa wasu yatsa ba, domin kasuwar Salaga ma an sayar da mutane a cikinta, kuma fatakenmu suna wurin.

Bayan Quaque aikin ya yi rauni ƙwarai, sai a 1904 SPG ta dawo da ƙarfinta. Bishop-bishop sun ci gaba da zuwa daga Ingila har bayan samun 'yanci. Na ƙarshensu, Richard Roseveare, shi ne wanda gwamnatin Nkrumah ta kora daga ƙasar a 1962 saboda ya soki ƙungiyar matasan gwamnati ta Young Pioneers a kan yadda ake koya wa yara ɗaukaka shugaba fiye da kima. Bayan 'yan watanni aka bar shi ya dawo. A 1968 Ishmael LeMaire ya hau kujerar, ɗan ƙasa na farko. Daga ranar da aka buɗe ginin zuwa wannan rana shekara 74 ke nan.

In kuma cocin da aka kafa musamman don baƙi masu jin Turanci kike nufi, wannan shi ne Ridge Church, inda Angalikan da Metodis da Firesbiteriyan suke tarayya. Shi ma yanzu 'yan Ghana sun fi yawa a ciki.

Tambaya: Malam, ni tela ne a Zangon Kumasi. Ina ganin Otumfuo yana zuwa cocin St. Cyprian. Yaya aka yi Sarkin Asante, wanda kakanninsa suka yaƙi Ingila, ya zama ɗan cocin Ingila?

Amsa: Maigida, abin ya faro ne daga zaman gudun hijira. A 1896 Turawa suka kama Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya, kuma akwai sojojin Hausa a rundunar da ta shiga Kumasi. Aka tsare shi a Elmina, aka wuce da shi Saliyo, a 1900 kuma aka kai shi tsibiran Seychelles a tekun Indiya. A can ya koyi karatu da rubutu, aka yi masa baftisma a cocin Angalikan, ya ɗauki suna Edward. Da aka bar shi ya dawo gida a 1924, da ɗarikarsa ya dawo, kuma alaƙar gidan sarauta da cocin ta ɗore har zuwa kan Otumfuo Osei Tutu na Biyu da ya hau a 1999. Kumasi ta samu nata bishop a 1973. Shi Cyprian da aka sa wa cocin sunansa ɗan Afirka ne, bishop ɗin Carthage a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda Rumawa suka kashe a shekara ta 258. Wannan bai hana fadar Manhyia, wato fadar Sarkin Asante, riƙe malamanta Musulmi ba, kamar yadda take yi tun zamanin da.

Tambaya: Baba, abokin aikina zai ɗaura aure a Holy Trinity, ya kawo mini kati har gida. Da aka yi sunan ɗana ya zo Fadama ya wuni da mu. Ina so in je, amma ban taɓa shiga coci ba, kuma ina jin tsoron abin da mutane za su ce.

Amsa: Ɗana, hukuncin shari'a ka kai wa malaminka, domin malamai sun yi magana a kai kuma fahimtarsu ta bambanta. Ni ra'ayina zan ba ka, ra'ayin wanda ya tsufa a garin nan: mutumin da ya wuni a gidanka ranar farin cikinka yana da haƙƙi a kanka. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ba ta hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba. A 2019 Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, yana dab da cika shekara 100, ya je cocin Katolika na Christ the King ranar Ista ya zauna tare da su, ya fito da rawaninsa da addininsa. Ƙidayar 2021 ta nuna Kirista sun kai kashi 71 cikin 100 a ƙasar nan, mu kuma kusan kashi 20. Wanda ya ce ba zai taka bikin Kirista ko makokinsa ba, zai yanke hulɗa da yawancin waɗanda yake aiki da su da waɗanda yake haya a gidajensu.

In ka yanke shawarar zuwa, ga abin da za ka tarar. Ba a cire takalmi. Maza a al'adarsu suna cire hula a ciki, mata kuwa suna iya rufe kai, don haka in da uwargida za ka je mayafinta ba zai dami kowa ba. Akwai masu tarbar baƙi a ƙofa, za su miƙa maka takardar tsarin bikin su nuna maka wuri. Ka zaɓi benci na baya ko na gefe. Idan jama'a sun tashi kana iya tashi don girmamawa, idan sun durƙusa ka yi zamanka, babu mai kallonka. Za a zo lokacin da za su fita layi zuwa gaban bagade su karɓi gurasa da ruwan inabi, abin da suke kira Jibin Ubangiji. Wannan nasu ne, na waɗanda aka yi wa baftisma, kuma su kansu ba sa son wanda ba ya ciki ya karɓa. Lokacin baiko ma, wato tara sadakar coci, ana fita da waƙa da rawa, ba dole ba ne a kanka. Gudummawarka ka sa a ambulan ka ba ango hannu da hannu bayan an fito ɗaukar hoto. Ka kashe wayarka kafin ka shiga.

In kuma zuciyarka ba ta kwanta da shiga ciki ba, ka gaya masa gaskiya tun yanzu, ka jira a harabar ka gaishe su idan sun fito, sannan ka bi su wurin liyafa. Irin wannan biki yakan kai awa biyu ko fiye, don haka ka je da alwalarka. In azahar ta same ka a can, masallatan Cow Lane ba su da nisa, za ka iya takawa ka dawo kafin a fara cin abinci.